Amsa ga mai tambaya kan yadda ake kula da girin ɗin filin golf

Wani bawan Allah ya turo tambaya, ya ce an saka shi a kwamitin kula da fili a kulob ɗinsu na golf, shekara biyu kenan da suka kwashe yashin nan mai baƙin mai suka dasa ciyawa a wuraren ramuka, amma har yau girin ɗin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ke kewaye da kowane rami, sun ƙi yin kyau, nan ya yi sanƙo can ya yi laushi kamar katifa, ƙwallo sai tsalle take yi maimakon ta mirgina, alhali kullum ana ba da ruwa ana zuba taki. Yana son ya san me ake yi kullum, me ake yi jefi-jefi, kuma me ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara.

To Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ka riƙo. Na daɗe a wannan aiki, tun ina tura injin yanka da asuba har na zo ina rubuta wa wasu jadawali, kuma tun kafin in ga filinku zan iya ce maka amsar tana cikin tambayar taka, wato wannan "kullum ana ba da ruwa ana zuba taki" ɗin. Yawancin girin ɗin da na ga sun lalace ba yunwa ko ƙishirwa ce ta kashe su ba, gata ne ya yi musu yawa. Membobi ganye suke kallo, suna son su ga kore shar, mu kuma ma'aikata saiwa muke kiwo, in saiwa tana lafiya ganye zai biyo baya ko ba ka roƙe shi ba.

Ka fara da sanin me ke ƙarƙashin ƙafarka tukuna. Gobe da safe ka sa a kawo maka ƙarfen da ake yanka rami da shi, a ciro maka dunƙulen ƙasa ɗaya daga girin mai kyau ɗaya daga wanda ya fi lalacewa, ka ajiye su a kan takarda ka duba. Tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar tun 1960 shi ne a shimfiɗa bututun janye ruwa a ƙasa, a zuba tsakuwa kamar santimita 10, sannan yashi mai ɗan haɗi kamar santimita 30 a sama. Da yawa daga cikin filayenmu ba haka aka yi su ba, ƙasar wurin kawai aka tara aka daddaɓe aka dasa, wasu ma a kan tsohon yashin mai suka dasa ba su kwashe shi duka ba, to wannan ba ya nufin ba za a iya kula da shi ba, amma ka san ruwa ba zai wuce da sauri ba, don haka duk lissafin ban ruwanka zai canja. A dunƙulen nan ka duba tsawon saiwa, in ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba akwai matsala. Ka duba tsakanin ganye da ƙasa, za ka ga wani abu kamar soso mai ruwan ƙasa, matattun jijiyoyi da ganye ne da suka taru, in ya kai kaurin yatsa to shi ne katifar da kake ji. Sannan ka shinshina, in ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko ka ga baƙin layi a ciki, ƙasar ta shaƙe, iska ba ta shiga.

Sai irin ciyawar. Wadda kake gani a talabijin a filin golf na Augusta da ke Amurka ciyawar ƙasar sanyi ce, kar wani ya ruɗe ka da ita, zafin Afrilu na nan zai dafa ta. Tamu dangin kiri-kiri ce, wadda Turawa ke kira bamuda. Akwai irin da aka inganta a Tifton ta jihar Jojiya musamman don girin, kamar Tifgreen da ta fito a 1956 da Tifdwarf a 1965, daga baya TifEagle, waɗannan suna jure aski ƙasa-ƙasa. In kuwa kiri-kirin gida aka kwaso daga bakin fadama aka dasa, to ba za ta jure abin da waɗancan ke jurewa ba, kuma a nan ne rigima take fara tashi tsakanin mai kula da fili da kyaftin ɗin kulob.

Yanka shi ne aikin kullum, ko a ce kwana shida a mako lokacin da ciyawa ke tashi. Ba da injin nan mai wuƙa ɗaya da ke juyawa kamar fanka ba, wannan na farfajiyar gida ne, girin sai injin mai nadi wanda wuƙaƙensa ke haɗuwa da wata wuƙa ta ƙasa suna yanka kamar almakashi. Tsayin da ake bari a manyan filaye milimita 3 zuwa 4 ne, amma in kiri-kirin gida gare ku ka tsaya a 5 ko 6, ka fi samun kwanciyar hankali. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya, shi ya sa in inji ya lalace aka yi kwana biyar ba a yanka ba, ba a dawowa rana ɗaya a ce sai an mayar da shi yadda yake, a hankali ake saukowa, in ba haka ba za ka wayi gari girin ya yi fari fat kamar an yi masa ƙwal-kwabo. Kuma kullum a canja fuska, yau daga gabas zuwa yamma, gobe kudu zuwa arewa, jibi a karkace, saboda kiri-kiri tana son kwanciya gefe ɗaya, in ta kwanta ƙwallo za ta riƙa bin kwanciyar tana kauce wa rami mai wasa yana zagin sandarsa. Zagayen ƙarshe da ake yi a bakin girin kuma ba dole sai kullum ba, nan ne ya fi saurin yin sanƙo don tayar inji a wuri ɗaya take bi.

Kaifin wuƙa kuwa, wallahi na fi damuwa da shi a kan taki. Mu kafin inji ya fita, makanike yana yage ƴar takarda ya sa tsakanin nadi da wuƙar ƙasa ya juya da hannu, hagu da tsakiya da dama, in ta yanke ƙat to a fita, in ta lanƙwashe ko ta tauna ta sai an gyara. Ka durƙusa ka tsinko ganye ɗaya bayan an yi yanka ka kalli bakinsa, in ya yi zare-zare fari to ba yanka ake yi ba tsinka ake yi, kuma ta wannan raunin cuta take shiga, daga nesa sai ka ga girin ya yi toka-toka a ce ai taki yake so, a ƙara masa, alhali wasa wuƙa kawai yake buƙata. A kuma duba ko inji na ɗigar mai, fetur ko baƙin mai in ya zuba zai bar maka layi ƙonanne daga wannan baki zuwa wancan, sai ya yi makonni kafin ya rufe.

Ranar da ba za a yi yanka ba a share raɓa da sassafe, da doguwar gora mai laushi ko a ja tiyo mutum biyu, don ganye in ya daɗe a jiƙe naman gwari ke samun wurin zama.

Yanzu ruwa, inda na ce matsalarku take. Ba a ba girin ruwa don agogo ya buga, ana ba shi don ƙasa ta nema. Wanda ke kunna famfo safe da yamma kullum minti ashirin-ashirin yana koya wa saiwa lalaci ne, tunda ruwa na sama me zai kai ta ƙasa, to ranar da wuta ta ɗauke ko dizal ya ƙare ko bohol ya ja baya a watan Maris, kwana biyu kawai girin ya ƙone. Abin da ake so a jiƙa shi sosai har ruwa ya kai ƙarshen saiwa, sannan a ƙyale shi ya ɗan sha iska kafin a sake, kuma da asuba ake yi ba da magariba ba. Lissafin ba wuya, milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, to in girin ɗinku murabba'in mita 500 ne kuma a tsakiyar bazara rana da iska suna shanye kamar milimita 6 a yini, lita 3,000 kenan girin ɗaya, sau girin 18 da ke filin ka ga lita 54,000 a rana, ban da inda ake bugun farko. Ka kai wa kwamiti wannan lissafin kafin a yi maganar sayen sabuwar tuta. Sannan ka jera gwangwanayen madara a kan girin ka kunna abin fesa ruwan na minti goma, ka ga yadda wani zai cika rabi wani ko gindinsa bai rufe ba, a nan za ka gane dalilin da ya sa nan ya yi taɓo can ya bushe. Wuraren tudu da baki-baki da tiyo ake bin su da hannu, ba a ƙara wa girin gaba ɗaya ruwa saboda wuri ɗaya. Alamar ƙishirwa kuma ba rawaya ba ce, ciyawa tana yin wani shuɗi-shuɗi mai duhu, in ka taka sawunka ya zauna bai tashi ba. Akwai kuma wurin da za ka zuba ruwa ka ga yana gangarewa kamar a bayan agwagwa, ka tona ka tarar da yashi a bushe ƙamas, wannan sai an tsattsaga shi da cokali mai yatsu na lambu an sa maganin da ke sa ƙasa ta karɓi ruwa.

Taki kuma kamar abincin jariri ake ba da shi, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ni a girin mai murabba'in mita 500 yuriya kamar kilo 1 nake narkawa a ruwa a fesa duk kwana goma zuwa mako biyu lokacin da ciyawa ke tashi, yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, ka ga naitirojin ɗin bai kai giram ɗaya a kowane murabba'in mita ba, kuma ya isa. Fotash ma kar a manta da shi, musamman a ƙasa mai yashi da ruwa ke wanke shi, kuma in da hali a kai ƙasa a gwada ko sau ɗaya a shekara maimakon a yi ta canki-canka. Ba zan manta ba, a wani kulob da na yi aiki, saura kwana tara gasa, wani babba a kwamiti ya ga girin na bakwai bai yi masa kore yadda yake so ba, bai gaya wa kowa ba ya kira wani yaro sabon ɗauka ya ba shi rabin buhun yuriya, yaron nan ɗan manoma ne ya watsa da hannu yadda ake yi wa masara, da rana tsaka, ba a bi da ruwa ba. Kwana biyu muka zo muka tarar da girin kamar fatar damisa, duk inda hannunsa ya sauka ya ƙone, tsakanin kuma ya yi kore baƙi-ƙirin yana tashi kamar hauka. A gaban girin muka yanka rami na wucin gadi aka yi gasar a haka, ni aka yi ta harara. Tun daga ranar makullin sito a aljihuna yake kwana.

To ga aikin da membobi suka tsana, kuma shi ne wanda in ba ku yi ba duk sauran wahalar banza ce: huda girin da zuba yashi. Ana shigo da inji mai haƙora kamar bututu, faɗin kowane kamar milimita 10 zuwa 13, ya nutse santimita 7 zuwa 10 yana ciro ƴan dunƙulen ƙasa, a kwashe su tas, a zuba busasshen yashi a share shi da burushi har ramukan su cika. Wannan ne ke cire soson nan, ya buɗe wa iska da ruwa hanya, ya sassauta ƙasar da ƙafafu da inji suka danne. Ranar da aka yi girin zai yi muni, gaskiya ne, kuma lallai wani zai tsaya a kanka ya ce girin yana zaman zamansa kun zo kun ɓata shi, ka ba shi haƙuri ka ce ya dawo bayan mako biyu zuwa uku. Bayan an rufe ka ciro dunƙule ka gani, za ka tarar da farar saiwa sabuwa ta bi ramin yashin nan ta yi ƙasa kamar an zura zare. Lokacinsa shi ne sa'ar da ciyawa ke da ƙarfin warkewa, wato farkon damina da ruwa ya zauna, in da hali a sake wani kafin damina ta fita. Kar a kuskura a yi a tsakiyar hunturu, kiri-kiri in sanyi ya sauka tana rage tafiya, a wuri irin Jos ma kusan barci take yi, ramukan za su zauna a buɗe har ka gaji da amsa tambaya. In babu injin, a samu cokali mai yatsu da ma'aikata a bi a hankali, bai kai inji ba amma ya fi babu.

Ban da wannan babban, ana yayyafa yashi siriri duk mako biyu ko uku, ɗan kaɗan yadda in aka share aka ba da ruwa ba za ka gan shi ba, shi ke cike ƴan ƙananan kwari ya sa fuskar girin ta yi sumul ta yi tauri. Wannan ba sabon abu ba ne, Old Tom Morris da ya kula da filin St Andrews a Sukotlan tun ƙarni na 19 an san shi da yawan zuba yashi. Kafin a yayyafa ana bi da inji mai wuƙaƙe a tsaye ya tsattsage jijiyoyin da suka kwanta, sama-sama ba da zurfi ba. Amma ka kula da yashin da direban tifa zai kawo maka, don shi duk yashi yashi ne. Ka ɗebi kaɗan ka zuba a gorar ruwa ka cika da ruwa ka girgiza ka ajiye, in ruwan ya yi jawur ya daɗe bai kwanta ba, ko ka ga laka ta kwanta a saman yashin, a mayar. A tankaɗe shi a cire tsakuwa don ita ke cinye wuƙar inji. Kuma in kun samu wuri ɗaya mai kyau ku riƙe shi, bana yashi mai laushi baɗi mai gautsi shi ke yin hawa-hawa a cikin ƙasa ruwa ya maƙale a tsakani.

Rami kuma ba a barinsa wuri ɗaya. Faɗinsa inci 4 da kwata ne, wato milimita 108, zurfi aƙalla inci 4, kofin da ke ciki kuma a nutsa shi aƙalla inci 1 ƙasa da fuskar ciyawa. A filin da ake wasa sosai kullum ake canjawa, ku ko sau biyu zuwa uku a mako ya yi, don duk wanda ya zo wasa sai ya taka kewayen ramin nan. Wanda zai mayar da dunƙulen cikin tsohon rami ya daidaita shi daidai da fuska, in ya yi sama inji zai aske shi in ya yi ƙasa ya zama tarko, ya danna da ƙafa ya ɗan zuba masa ruwa. Tabon da ƙwallo ke yi in ta faɗo daga sama kuma a koya wa kedi, wato masu ɗaukar jakar sanduna, da membobi gyaransa, daga gefe ake turo ciyawa zuwa tsakiya, ba a sa ƙarfe a ɗago daga ƙasa, ɗagowar tana tsinka saiwa sai wurin ya mutu. Tun dokokin 2019 ma an yarda mai wasa ya gyara kusan duk wata ɓarna a kan girin har da sawun takalmi, don haka ba su da uzuri.

Ƙwari da ciyayi, ido ne maganinsu na farko. Tuji da harkiya da aya-aya su ne abokan gabarmu, tuji musamman yana son wurin da ƙasa ta danne, in ka gan shi ya yi yawa yana gaya maka lokacin huda ya wuce. Tun suna ƙanana a sa yara su bi da ƴar wuƙa su cire a cike gurbin da yashi, ya fi a kwaso maganin ciyawar gona a fesa, na ga inda aka yi haka aka kashe tujin da girin ɗin baki ɗaya. In ka ga tsuntsaye sun taru suna caccakar wuri ɗaya da safe, akwai tsutsa a ƙasa, ka kaɗa ɗan sabulun wanke-wanke a bokitin ruwa ka zuba a wurin ka tsaya minti biyar, za su fito da kansu ka ga ko wace iri ce kafin ka sayi magani. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka a 2016 tana cin kiri-kiri ma, kuma cikin dare take ɓarna. Gara da gyare mai tona ƙasa su ma suna nan. Bishiyar da ke tare wa girin hantsi a rage mata rassa, kiri-kiri ba ta shiri da inuwa ko kaɗan. Awaki da shanu kuwa wannan maganar shinge ce da maigadi, ba tawa ba.

Za su dame ka da maganar gudu, wai girin ba ya gudu. Akwai ma'auninsa, wani ɗan ƙarfe mai tsawon inci 36 da ake kira Stimpmeter, wani Edward Stimpson ya ƙirƙiro shi a 1935, ana ɗora ƙwallo a ɗaga a hankali har ta gangaro, a yi sau uku ta nan sau uku ta can a auna ƙafa nawa ta yi a raba. A manyan gasa na duniya ana kai ƙafa 12 har sama, amma su suna da ma'aikata da injuna da kuɗin da ba mu da su, kuma na mako ɗaya suke yi su sassauta. Ku in kun samu 8 zuwa 9 kuma duka 18 ɗin suna tafiya iri ɗaya, ba wanda zai yi ƙorafi sai wanda dama hannunsa ne ba daidai ba. In ana son ƙarin gudu don gasa, a bi da abin daddaɓewa mai sauƙi sau biyu ko uku a mako, ko a yi yanka biyu da safen, ya fi a sauke wuƙa ƙasa.

In ni ne kai, wannan makon ba zan sayi komai ba sai littafi mai bango mai tauri, a ajiye shi a sito a riƙa rubuta tsayin yanka, kwando nawa na ciyawa aka kwashe a kowane girin, ruwan minti nawa, taki nawa da wa ya zuba. A dakatar da takin nan na mako biyu, a daina ban ruwan yamma, a ɗaga wuƙa milimita ɗaya a wasa ta, sannan ka je wurin kyaftin tun yanzu ku tsayar da ranar huda a farkon damina a rubuta ta a kalandar kulob kafin a cike watan da gasa. In ka ciro dunƙulen nan biyu ka ɗauki hotonsu kusa da rula ka turo min, in ga saiwar da kaurin soson, sai in gaya maka ko huda ɗaya za ta ishe ku bana ko sai biyu.